Ki Gyara Tun Da Wuri

Zuwa ga Dogo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida matarka da yara, da fatan sanyin ofis bai mantar da kai masu zufa ba. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Inna da ta sake kumbura. Likita ya hana ta gishiri, ta ce ran da ta daina cin gishiri ran nan a zo a ɗauke ta. Ni ma gwiwa ta fara yi mini tsiya, tsayuwar shago ce.

Takarda na rubuto don waya ba ta da amfani tsakanina da kai. In na kira ka ce kana taro, in ka ɗauka ka cika ni da bayani har katina ya ƙare ban faɗi abin da ke tafe da ni ba. Takarda kuwa ba ka isa ka katse ta ba. 'Yar maƙwabciyata mai aikin cikin jirgi za ta miƙa maka, tunda suna sauka garinku.

Na ji ka a rediyo. Ina tsakiyar naɗe akwatin wata mata da leda a shagona na filin jirgi, injin yana juyawa, sai aka ce ga jami'in tsare-tsare daga hedkwatar filayen jirgi zai yi bayanin ƙarin kuɗin da aka ɗora wa kowane fasinja. Kana buɗe baki na gane ka, da wannan "to, a gaskiya" naka da kake fara ƙarya da shi tun kana ɗan makaranta a ɗakin Inna. Wai ƙarin ɗan kaɗan ne, kuma na gyara ne. Matar ta ja tsaki ta ce Allah ya isa. Ban ce mata ɗan kawuna ne ba, na ci gaba da yankan ledata.

Dogo, mu a kasuwa gyara mai saye ake ƙara wa bayan an cika masa mudu. Ku naku gyaran daga aljihun mai saye kuke zaro shi. Wancan karon da aka yi ƙari, ai gyara aka ce. Matakalar lantarki tana nan a mace, tsofaffi na hawanta da ƙafa suna haki. Bayan gidan mata famfo ɗaya ke kawo ruwa. Rufin da ke kan shagona, in hadari ya taso sai na ja injin gefe na tara bokiti. Ina gyaran ya shiga?

Ka ce kaɗan ne. Zo ka tsaya ƙofar shagona ka ga kaɗan. Mutum ya haɗa kuɗin tikiti da kyar, an ce ya ƙaro, abin da zai fara yankewa ni ce. Yanzu a naɗe suke zuwa da kayansu daga gida, wani da salatif, wani da igiyar shanya. Jiya har wanda ya ɗaure akwati da robar taya na gani, ya wuce ni yana kallon sama kamar na ci bashinsa. Cikin mata biyun da ke taya ni aiki na sallami ɗaya, tana kuka ina kuka.

Ga abin da ya sa na rubuto. Lasisin shago ya kusa ƙarewa. Mai shayin bakin wurin ajiye motoci zai koma garinsu, ya ce in ina so ya bar mini rumfarsa kafin wani ya kama. Waje ne, ga rana ga hayaƙin mota, amma duk mai kaya ta nan yake sauka. A ciki kuma ana ta raɗe-raɗin za a taɓa zauren nan namu. Ba ni da ƙarfin riƙe wuri biyu. Kai ne a ɗakin da ake zana taswira, ka gaya mini: in sabunta lasisi in zauna, ko in kama rumfar? Shagon nan shi ne abincinmu, shi ne maganin Inna, shi kaɗai marigayi maigidana ya bar mini. Kada ka amsa mini da muryar rediyo.

Yayarka.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya same ni lafiya. Ki gaida Gwaggo da jiki, ki ce mata na ce ta ji maganar likita, ko don mu. Yara lafiya, ƙaramar ta yi zazzaɓi amma ta miƙe. Uwarsu tana gaishe ki.

Na karanta zagin tsaf, na gode. Na saba, tun ina gidanku ba ki taɓa miƙo mini kwano ba sai da baƙar magana a kai. Amma maƙaryacin da kika kira ni ya yi mini ciwo, gara in faɗa miki.

Ke matakala da famfo kike gani, don su ne a gabanki. Titin da jirgi ke sauka a filinku ya tsattsage, ana like shi da kwalta kamar facin wando. Fitilun gefensa da yawa sun mutu. Motar kashe gobara sai an tura take tashi, na gani da idona. Ran da wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, ledarki ba za ta ceci ran kowa ba. Kuɗin aikin nan dole ya fito daga wani wuri. Ko mai akwati ya biya, ko a yanko daga na asibitin da kuke kai Gwaggo. Ki zaɓa, tunda kin fi mu sani.

Batun ƙarin baya kuwa, ba sai kin tuna mini ba. Ni na rubuta rahoton da ya nuna inda kuɗin ya bi, shi ya sa manajan filinku in ya hango ni yake canza hanya. Wannan karon an ware asusu daban, ba ya bi ta hannunsa. Amma ke kin riga kin yanke hukunci, ɗan boko duk ɓarawo ne, har wanda ya tashi a gabanki.

Sai maganar shago. Kin san akwai abin da bakina ba zai faɗa ba, balle hannuna ya rubuta a takardar da za ta bi hannun mutane. Na yi rantsuwa a kan aikin nan, kuma ba a fitar da kwangila ba tukuna. Ga iyakar abin da zan ce, ki karanta da kyau. Aiki yana tafe, kuma duk masu shago a layinku sai sun gyara kafin ya iso. Ki gyara tun da wuri, kada ki jira a zo a ce miki. Ke ba yarinya ba ce. Takardar nan kuma kada ki nuna wa kowa.

Ana maganar tura ni kwas wata ƙasa, ban san ranar ba.

Ƙaninki, wanda kika ce maƙaryaci ne.

*

Dogo,

Salamu alaikum. Ya jikin ƙaramar? Allah ya ƙara sauƙi. Inna ta ji gaisuwarka, ta ce likita da kai ku haɗu ku ci abinci lami ku gani. Kumburin ya ɗan saɓe.

Bayaninka na titi da fitila na ji, ban yarda ba, amma ban da lokacin musu. Ka dai sani fasinja ba ya zagin titi, ni yake samu a gabansa ya sauke.

Abu ɗaya ka yi na kirki a takardar nan, shi ma sai da ka lulluɓe shi da girman kai. Na gane karatun. Sabon zaure ba zai ɗauki shago mai dauɗa ba, wanda ya gyara nasa shi za a bari, wanda ya tsaya jira a kore shi. To ba a fafe gora ranar tafiya. Na sabunta lasisi. Na kawo mai fenti ya yi mini fari da shuɗi, an sa tayil a ƙasa, an toshe rufin, an yi mini allo mai fitila da sunan shago. Tsohon injin na sayar na ƙara na sayo sabo, wanda ba ya kuka kamar injin markaɗe. Kada ka tambaye ni inda na samo. Sarƙa da 'yan kunnen da marigayi ya yi mini ne suka tafi, da ɗan abin da nake ɓoyewa don ranar tsiya. Na yi kuka wurin maƙerin zinariya, ba zan ɓoye maka ba, amma na ce wuya ba ya ciyar da gida, shago ke ciyarwa.

Rumfar mai shayi na ce masa na gode. Wani mai wankin mota ya kama ta washegari.

Takardarka ban nuna wa kowa ba, kamar yadda ka ce. Amma bakina ai ba ka ɗaure shi ba. Mai turare ya ga ana yi mini tayil ya matsa mini da tambaya, mutumin da ya ɗauki makarar maigidana, ta yaya zan ci ni kaɗai in bar shi? Na ce masa ƙanena na hedkwata ya ce a gyara. Yanzu ka zo ka ga layinmu. Mai turare ya sa gilashi, mai caja da katin waya ya yi silin, tsohuwa mai jaridu ma ta ranto ta yi fenti. Har manaja ya wuce ya tsaya yana kallo yana murmushi.

Ka ga in kun yi magana irin ta mutane ana jin ku. Allah ya yi maka albarka, ko da yake har yanzu ban yafe maka rediyon ba.

Yayarka.

*

Dogo,

Sallama dai zan yi don addini ya ce a yi. Muna nan da rai. Inna jininta ya hau, tana kwance.

Wata ya wuce, wani ya kama, shiru daga wurinka. 'Yar maƙwabciyata ta ce ta kai waccan takardar ofishinku, aka ce ka tafi kwas, ta bar wa masinja. Wayarka a kashe. To ka ji abin da kuka yi.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Wasu mutane suka zo da hulunan kwano da igiyar awo, suka auna layinmu daga kan tsohuwa mai jaridu har zuwa kaina. Ɗayansu ya tsoma buroshi a jan fenti ya zana mini gicciye a kan farin bangona, bangon da ko ƙamshin fenti bai gama fita ba. Na riƙe hannunsa na ce malam lafiya? Ya ce rusau, Hajiya, nan za a yi sabon wurin binciken kaya, ai an daɗe da zana shi. An daɗe da zana shi, Dogo! A ɗakinku aka zana, kana zaune, ka ɗauki biro ka ce mini in gyara.

Mai turare ya zo ya tsaya a ƙofata gaban fasinjoji ya ce, "Ke da ɗan'uwanki nawa masu tayil suka ba ku?" Tsohuwa mai jaridu ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Zama ta yi a kan ɗaurin jaridunta tana kallona tana cewa, "'Yar nan, da me zan biya mutane?" Ban taɓa jin kunya irin ta ranar nan ba.

Me na yi maka? In zagin da na yi maka ne, ai sai ka rama da zagi, mun saba. Ba ka sa in sayar da zinariyar mijina in shafa wa bangon da ka san za a rushe ba. Rumfar da zan fake a cikinta ma ka sa na saki. Kuɗin da kuka ƙara wa fasinja ya cinye mini ciniki, yanzu da shi za a yi hayar motar da za ta ture ni.

Ka amsa mini. In ba ka da bakin amsa mini, ka amsa wa matar da ta riƙe ka kamar ɗan cikinta.

'Yar gwaggonka.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na dawo shekaranjiya, na tarar da takardunki biyu a kan teburina. Allah ya ba Gwaggo lafiya. Ni kaina tun da na karanta ban iya cin abinci ba.

Innalillahi! Yaya, wa ya ce ki sayi fenti? Gyara na ce! Gyaran da mai amalanke ke faɗa in ya taho a guje cikin kasuwa, gyara, gyara, wato matsa, ba da hanya, kauce kafin a taka ki. Kin tambaye ni ki zauna ko ki kama rumfa, na ce aiki yana tafe, ku gyara kafin ya iso. In mota ta taho aka ce miki gyara, kwalliya za ki tsaya yi? Na yi miki hannunka mai sanda iyakar yadda zan iya ba tare da na karya rantsuwata a fili ba. Na ɗauka ke da kika fi kowa iya habaici za ki fi kowa gane shi.

Amma ke ba kya karatu don ki ji, kina yi ne don ki samu abin da kike so. Ba kya son barin shagon, shi ya sa kika ga fenti a inda babu. Da kin tambaye ni da kalma ɗaya kafin ki taɓa sarƙar nan. Kuma na ce kada ki nuna wa kowa, kika ɗauki maganar kika raba wa layi guda kamar goro. Yanzu ni ne azzalumi, ni ne na ci kuɗin masu tayil.

To ga abin da bakinki ya haifa. Maƙwabtanki sun kai ƙara wurin manaja cewa wani daga hedkwata ya ba su labarin aiki kafin a fitar. Shi kuwa da ma abin da yake jira ke nan tun ranar da na rubuta rahoto a kansa. Ya rubuto sama, an kafa kwamiti, za su zo filinku su tambaye ki. In ya tabbata na gaya miki ki tashi, na fitar da sirrin kwangila ke nan, kora ce, ba sallama ba fansho. Ga yara, ga haya.

Ban roƙe ki komai ba, don na san ba kya sayar da alfarma sai da gori. Na dai gaya miki don ki san ba ke kaɗai aka zana wa gicciye ba. Asarar da kika yi ta dame ni ƙwarai, wallahi ta dame ni, amma ba zan ɗauki laifin da ba nawa ba.

Ƙaninki.

*

Dogo,

Salamu alaikum. Da fatan yara suna lafiya, su ba ruwansu. Inna ta tashi, tana takawa da sanda.

Na karanta darasin Hausarka, malam. Na sake ɗauko tsohuwar takardar na karanta ta da muryar mai amalanke, na ga haka ne, tana karantuwa. Sai dai mai amalanke ihu yake yi don a ji shi, ba ya tsayawa yana auna kalma don ya tsira da rigarsa in an taka mutum. Tambayar e ko a'a na yi maka. Ka nemo kalma mai fuska biyu ka ba ni, don in ta yi kyau kai ka taimaka, in ta ɓaci ni ce jahila.

Kafin kwamiti su zo manaja ya aiko a kira ni. Shekara da shekaru ina filin nan ban taɓa taka ofishinsa ba, ranar har da kujera mai taushi da lemo mai sanyi. Ya shimfiɗa mini taswirar sabon zaure a kan tebur, ya ɗora yatsa a wani lungu dab da ƙofar shiga, inda duk mai akwati sai ya bi. Ya ce, "Hajiya, nan wurin naɗe kaya ne, ban ba kowa ba tukuna. Ke kin yi asara, ya kamata a share miki hawaye. Gaskiya kawai za ki faɗa wa kwamiti, cewa ɗan'uwanki ya sanar da ke ki tashi, ke ce ba ki gane ba."

Kada ka ɗauka ban so ba. Na so lungun nan kamar in mutu. Ina kallon yatsansa ina ganin inda zan ajiye injin, inda allona zai rataya. Kuma ba ƙarya aka ce in yi ba, ka lura, gaskiyarka ce da ka rubuto mini da hannunka kana tinƙaho da ita. Ga shi ina jin haushinka kamar in shaƙe ka.

Suka zo, suka zauna a ɗakin taro, wata mata mai tabarau ce shugabarsu. Ta ce, "Baiwar Allah, da ya ce ki gyara, me yake nufi?" Na ce fenti. Ta ce kin tabbata? Na ce ranki ya daɗe, na yi masa ƙorafin rufi yana zuba, ya ce in gyara shagona in daina damunsa, na gyara, ga tayil can ku je ku gani kafin a fasa. Na ce ƙanin nan nawa bai taɓa gaya mini wani abu mai amfani ba tun da aka haife shi. Suka yi dariya, suka rubuta. Manaja bai ko dube ni ba da na fito.

Lungun an ba wani kamfani. Layinmu an ture shi, na tsaya na ga allona ya faɗi. Sabon injin yana tsakar gida na rufe shi da tabarma, kaji na hawa. Da safe nakan ɗauki leda da almakashi in tsaya bakin titi wajen shinge, in naɗe da hannu in an samu mai so, in masu gadi ba su kore ni ba. Tsohuwa mai jaridu ina rage mata bashinta da kaɗan-kaɗan, don ni na ja ta. Kuna ta cewa fasinja ne ke biyan gyara. Ni ban taɓa hawa jirgi ba, amma ban ga fasinjan da ya biya abin da na biya ba. Ku dai yi titin nan da gaske, in kuna tsoron Allah.

Kada ka gode mini, ba na so. Kuma akwai saura. Abin da na faɗa wa kwamiti shi na faɗa wa mai turare, shi na faɗa wa dangi, shi na faɗa wa Inna, don magana in ta zama biyu gobe tana kunnen manaja, na yi asarar shago a banza ke nan. Saboda haka a wurin kowa kai ne wanda ya san za a rushe, ya sa yayarsa ta sayar da zinariyar mijinta ta yi fenti. Haka za ka zauna. Kada ka kira don ka wanke kanka, kada ka zo yi wa Inna bayani, ka san ba ta iya riƙe magana.

Jiya ta tambaye ni ko da gaske ka san da rusau ɗin lokacin da ka rubuto. Na ce mata ka sani. Sai ta ba ni saƙo, ta ce lallai in rubuta maka shi yadda ta faɗa. Ta ce ran da ta cika, a kai ta kawai, kada a jira jirginka.

Yayarka.